Tambaya da Amsa: Dodon Sinawa da Yara Za Su Sa, Dole Ne Sai Ya Yi Aman Wuta?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni malamar aji biyar ce a wata firamare mai zaman kanta. Ƙarshen zangon nan za a yi bikin ranar al'adu, an raba wa kowane aji ƙasa guda, mu ƙasar Sin ta faɗo mana. Na yi niyyar mu haɗa dogon dodon nan nasu, yara su shiga ciki su yi rawa da shi. Ina taɓa ɗinki, kuma na sha haɗa fuskar wasa da takarda da koko, don haka aikin bai ba ni tsoro ba. Abin da ya hana ni barci shi ne Hajiya mai makarantar ta kawo wani mutum, wai ƙwararre, ya ce zai yi kan dodon da soson katifa, ya fesa masa fenti, sannan ya dasa abin tartsatsi a bakin, domin a cewarsa dodon da ba ya aman wuta ba dodo ba ne. Ya ce ya sha yi, ba abin da ya taɓa faruwa. Yaron da zai sa kan shekararsa goma. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma ba ni da hujjar da zan kai wa Hajiya. Don Allah a ba ni shawara, kuma a nuna mini yadda ake haɗa shi daidai.

Amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Rashin barcin nan naki yana kan hanya. Kada ki yarda a kai wuta kusa da kan nan, ko ta tartsatsi, ko ta kyandir, ko ta turare. Zan ba ki hujjar da za ki kai wa Hajiya, amma bari mu fara gama maganar aikin, tunda ba baƙonki ba ne.

Abu biyu mutanenmu ke haɗawa. Akwai rawar zaki, wadda mutum biyu ke shiga cikin kaya ɗaya, na gaba ya riƙe kai, na baya ya sunkuya ya zama gindi. Akwai kuma rawar dodo, wanda Sinawa ke kira Long, kuma shi asalinsa ba a sa shi a jiki. Ɗaga shi ake yi a kan sanduna, kowane mutum da gaɓarsa, kuma an fi son adadin gaɓoɓin ya zama mara, tara ya fi yawa. Wanda ake gasa da shi mutum tara ke ɗauka, tsawonsa wajen mita 18, ga kuma mutum guda a gaba riƙe da ƙwallo a kan sanda, lu'ulu'un da dodon ke bi ke nan. Ke abin da kike so tsaka-tsaki ne, jikin Long amma yara a ƙarƙashinsa, kuma yana yiwuwa. Ni dai da ni ne, yara bakwai zan sa, na takwas ya riƙe ƙwallon.

Ki yi ƙashin kan da tsagaggiyar gora ko ɓargon tukurwa, ki ɗaure mahaɗai da zare, kada ki sa waya a inda zai taɓa fuska. Ki bi shi da takardar jarida da koko, shafi uku, kowanne ya bushe ƙarau kafin ki ɗora na gaba. Da hunturu yini guda ya isa kowane shafi, da damina kuwa sai haƙuri, in kika yi gaggawa zai yi fumfuna daga ciki. Idan kin gama ki ɗora shi a sikelin mai nama. In ya haura kilo ɗaya, ya yi wa wuyan ɗan shekara goma nauyi, ki rage. Kada ki ɗaure shi a haɓar yaro kamar hular kwano. Ki gitta sanda a ciki ya riƙe da hannu biyu, kan ya zauna masa a kafaɗa a kan ƙunshin tsumma, ta yadda zai ɗaga shi sama, ya sauke, ya kuma wurgar da shi in ta kama. Ta baki zai riƙa gani, don haka ki bar bakin a buɗe da faɗi, ki rufe shi da baƙin yadin gidan sauro. Na waje ba ya ganin fuskarsa, shi kuwa yana ganin hanya, iska kuma na shiga.

Kamannin fa? Tsofaffin marubutan Sin sun ce Long ya ɗauko siffa daga halittu tara: ƙahon barewa, kan raƙumi, kunnen saniya, wuyan maciji, ɓawon kifi, faratan gaggafa, tafin damisa da sauransu. Wannan jerin ya fi miki kowane hoto amfani, domin duk dabbobin da yaranki suka sani ne. Ki dubi hancin raƙumi da leɓensa, shi za ki yi. Ƙaho ki naɗe kwali ki yi masa rassa. Ido ki raba ƙwallon roba biyu. Dogon gashin baki guda biyu kada ki manta da shi, shi ke ba shi kwarjini, kuma da igiya mai ɗan tauri za ki yi shi, waya tana tsone ido. Fukafuki kuwa kada ki yi masa, Long na yau da kullum ba shi da su, a cikin gajimare yake yawo kamar yadda kifi ke yawo a ruwa. Akan ce ɓawon jikinsa 117 ne, amma ba wanda zai zo ya ƙirga naki. Ki dai fara liƙa su daga wutsiya zuwa kai, kowanne ya hau kan na bayansa kamar jeren kwanon rufi. Launi ja da ruwan zinariya da kore. A zamanin daulolin Ming da Qing, rawayan dodo mai farata biyar na sarki ne shi kaɗai, kuma wannan ɗan labari ne da za ki iya ba yaron da zai yi bayani a gaban iyaye.

Jikin ba wahala. Kowane yaro da zobensa na gora, faɗin bakin babban baho, a kan gajeriyar sanda. Ki shimfiɗa yadin auduga a kansu, ki ɗinke shi a jikin zobban, ki bar tazarar kamar mita ɗaya da rabi tsakanin yaro da yaro. Gefen yadin ya tsaya a gwiwa, kada ya ja ƙasa. Kuma kada ki haɗa yaran da igiya a ƙugu don wai kada su rabu. Yadin kaɗai ya haɗa su, wanda ya saki sandarsa ya fita.

To, mu dawo kan mutumin Hajiya.

Maganarsa ta farko ma kuskure ce tun daga tushe. Dodon da ke aman wuta na tatsuniyoyin Turawa ne, mai fukafukan jemage, mai kwana a kan dukiya cikin kogo har jarumi ya zo ya kashe shi. Long na ruwa ne. Shi ake dangantawa da ruwan sama da koguna da tafkuna, a tatsuniyoyinsu akwai sarakunan dodanni huɗu, kowanne da tekunsa, kuma manoman da can idan fari ya yi tsanani su suke roƙo. Rawar ma tana da tushe a bukukuwan neman ruwa da albarkar gona. Suna da labarin kifin da ya yi ta haurawa Rawayan Kogi har ya tsallake wata ƙofa ya rikiɗe ya zama Long, shi ya sa suke buga misali da shi ga ɗalibin da ya ci jarrabawa mai wuya. In ma za a nema masa ɗan'uwa a wajenmu, macijin rijiyar Kusugu ta Daura ya fi kusa da shi, tunda shi ma da ruwa aka san shi, sai dai namu hanawa yake yi, nasu kuwa bayarwa. Kalmar dodo ma aro muka yi don babu wata, domin su ba abin tsoratar da yara ba ne a wurinsu, alamar arziki ce da mulki. Saboda haka wanda ya dasa wa Long wuta a baki a ranar al'adu, kamar wanda aka ce ya nuna hawan sallah ne ya kawo mahayi da hular kaboyi.

Na san abin da zai ce, domin duk su kan ce shi: ai ya gani a bidiyo. E, ya gani. A unguwar Tai Hang ta Hong Kong ana rawar dodon wuta dare uku a lokacin bikin tsakiyar kaka, al'adar da suke cewa ta faro a 1880 bayan wata annoba. Amma ki duba yadda abin yake. Dodon tsawonsa mita 67, da ciyawa aka naɗa shi, an soke shi da dubban tsinkayen turare masu ci, kuma manyan mutane kimanin 300 ke karɓa-karɓa wajen ɗaukarsa a kan sanduna, a buɗaɗɗen titi. Ba wanda kansa ke ciki. Garwashin yana sama, mutum yana ƙasa, in abu ya ɓaci ya saki sanda ya ja da baya. Wannan da sa wa yaro tukunyar soso a ka a kunna mata tartsatsi a gaban hancinsa, ina alaƙarsu?

Soson katifa shi ne abin da na fi tsana a sana'ar nan, kuma shi aka fi kawo mini. Yana da arha, yana yankuwa da reza, yana ba da siffa cikin sa'a guda, shi ya sa malalata ke son sa. Amma danginsa ɗaya da man fetur. In ya kama ba ya ci a hankali kamar itace, narkewa yake yi yana ɗiga yana ci, ga baƙin hayaƙi mai ɗauke da iskar gas mai kisa har da gubar sayanayid. Duk ɗalibin da ya zo koyon aiki a wurina, ranar farko nakan yanko soso kamar girman sabulu, in ɗora a kan bulo a tsakar gida, in ƙyasta ashana. Kafin ya gama cewa subhanallahi abin ya zama baƙin kwalta mai tafasa, warin kuma ya kori kowa zuwa zaure. Ki yi wa Hajiya wannan a filin makaranta, ke da ita kawai, ku tsaya ta inda iska ba ta kaɗowa, da bokitin ruwa a gefe. Sai ki ce mata ta ƙaddara wannan a kan fuskar yaro.

Kuma ba soson kaɗai ba. Da me zai liƙa shi? Da sholisho, wanda shi kansa mai kama wuta ne, tururinsa kuma shi ne dai wanda 'yan shaye-shaye ke zuƙa a tsumma. Sannan ya fesa fentin gwangwani a kai, ranar jajibiri galibi, domin irinsu ba sa gama aiki da wuri. Washegari a kifa wa yaro wannan a ka cikin rana. Ko ba a kunna komai ba, minti goma sun isa ya fara jiri da tashin zuciya. Na taɓa cire wa wata yarinya irin wannan kan a bayan dandamali, idanunta sun yi jawur, tana ta amai, malamarta na cewa wai tsoron taro ne. Da na sa hancina cikin kan sai da na ja da baya. In kuma yadin jikin na roba ne, irin mai ƙyallin nan da ake ado da shi a wurin biki, shi ma narkewa yake ya manne a fata, likita sai ya ɓanɓare shi da naman.

Ga hujjar da kika nema, da ranaku. Ran 20 ga Fabrairun 2003, a wani gidan rawa a jihar Rhode Island ta Amurka, an kunna abin tartsatsi a kan dandamali, ya lasa soson da aka manna a bango don rage ƙara. Cikin 'yan mintuna ginin ya kama gaba ɗaya, mutum 100 suka mutu. Ran 27 ga Janairun 2013 aka maimaita irinsa a garin Santa Maria na Brazil, tartsatsi ya taɓa soson rufi, mutum 242 suka rasu, yawancinsu ɗaliban jami'a, kuma hayaƙin ne ya kashe mafi yawansu. Duka biyun soson yana bango ne ko rufi, nesa da jikin mutane. Mutumin Hajiya a wuyan yaro zai rataya shi.

Kayan wasa da wuta kuwa tsohon ciwo ne. A Janairun 1393, a fadar Faris, Sarkin Faransa Charles na Shida da wasu fadawa biyar suka yi shigar dodannin daji, da tufafin da aka shafe da ƙaro aka manna musu zaren rama. Ƙanin sarkin ya matso da itace mai ci da wuta don ya gane su waye. Huɗu suka ƙone har lahira, sarkin kuwa wata gimbiya ce ta lulluɓe shi da rigarta ya tsira. Shekara fiye da 600 ke nan, kuma har yau ina fama da masu cewa ai ɗan tartsatsi ne kawai.

Akwai wasu dabaru biyu da zai iya kawowa in kika hana shi na farkon, ki san su tun yanzu. Na ɗaya, ya ce shi da kansa zai tsaya gefe ya guntsi kananzir ya fesa wa wuta. Ban da iska da kan juyo da harshen wutar, kananzir in ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana haddasa ciwon huhu mai tsanani, kuma yara talatin za su koma gida sun ga yadda ake yi. Na biyu, ya ce to a bar wuta, a busa gari ko hoda ta bakin dodon ya zama hayaƙi. Wannan ya fi kama da mai hankali, amma gari in ya tashi a iska ya gamu da zafi, kamawa yake yi fuu gaba ɗaya. A watan Yunin 2015, a wani wurin shaƙatawa a Taiwan, an fesa wa taron matasa garin masara mai launi, ya kama da wuta, mutum 15 suka mutu, wajen 500 suka ji rauni. In kuma ba wuta kusa, yaron da ke cikin kan shi zai fara shaƙar garin, kuma kowane aji ba ya rasa mai asma.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kalmar nan ta na sha yi ba abin da ya faru. Ita ce takardar shaidar duk wani ɗan na-iya a ƙasar nan, daga mai sayar da fetur a galan kusa da mai suya har mai haɗa waya ba tare da ya kashe layi ba. Sau goma ka tsallake rijiya da baya ba ya nufin rijiyar ta cike. Ki tambaye shi tambaya uku a gaban Hajiya. In ta kama, daƙiƙa nawa yaron zai ɗauka ya fita? Wa ke tsaye da abin kashe gobara? Yaushe aka duba tukunyar kashe gobarar makarantar? Na tabbata ba zai amsa ko ɗaya ba. Tukunyar ma, in akwai ta, galibi an rataye ta ne ranar da masu duba makarantu za su zo, allurar ma'auninta ta daɗe da faɗuwa, ba wanda ya san yadda ake cire fil ɗinta. Masu makarantu kuma, Allah ya shirye mu da su, tafi suke so da hoton da za a watsa a WhatsApp don a jawo sababbin ɗalibai. Iyayen nan amana suka kawo da safe, sun sa ran karɓar abinsu da rana yadda suka kawo shi. Ranar da ta ɓaci, ƙwararren zai kashe wayarsa, Hajiya za ta ce ita ba ta san haka abin yake ba, a ce ƙaddara ce, ke kuma da kika tsaya kusa da yaron ke za ki kalli uwarsa. Ƙaddara gaskiya ce, amma an ce ka ɗaure raƙuminka tukuna.

Tunda na ambaci ƙuna, in ƙara wannan, domin shi ma kullum sai na yi faɗa a kansa. In tufafin mutum ya kama, kada ya gudu, a kwantar da shi a mirgina shi ko a lulluɓe shi da bargo mai kauri. Sannan a riƙa zuba wa wurin ruwa mai sanyi, na famfo ko na randa, har minti 20. Ba ƙanƙara, ba ɗanyen ƙwai, ba man goge baki, ba manja, ba gishiri, ba baƙin man inji. Abin da ya manne a fata kada a fizge shi. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti.

In Hajiya ƙyalli take so, akwai shi ba tare da ashana ba. Ki sayi ƙananan fitilun nan na ado masu amfani da batir, irin na ɗakin amarya, ki zagaya da su cikin idanu da bayan dodon, ki maƙala akwatin batirin a waje inda hannu zai kai. Ki ɗinka dogayen ƙyallaye marasa nauyi, shuɗi da fari, a gefen baki, in yaron ya kaɗa kai sai su tashi kamar feshin ruwa, kin ga kin ma bi asalin labarin. Ƙwallon gaba ki naɗe shi da takarda mai walƙiya ki rataya masa jan ƙyalle, domin a zanen Sinawa shi lu'ulu'un ne ake zana wa harsunan wuta. Sauran armashin na kiɗa ne. Ganga ɗaya da faranti biyu na ƙarfe da za a riƙa gwarawa sun isa. Fenti kuwa na ruwa za ki shafa da buroshi, ki gama mako guda kafin bikin, ki bar kan a inuwa yana shan iska.

Atisaye shi ne abin da zai fi cin lokacinki. Ƙa'idar rawar ɗaya ce: kai yana bin ƙwallo, kowane yaro yana maimaita abin da na gabansa ya yi bayan ɗan jinkiri, shi ke sa jikin ya yi ta lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Ku fara da sanduna tsirara na kwana uku kafin ki ɗora yadi. Yaro mafi ƙarfi a kai, mafi sauri a wutsiya, domin na wutsiya ya fi kowa gudu a duk juyi. Rawar kada ta wuce minti biyar, su sha ruwa kafin su shiga da bayan sun fito, kuma ki roƙi a sa ajinku da safe kafin rana ta take.

A kowane atisaye ki riƙa hura usur ba zato. Da jin sa kowa ya saki sanda, na gaba ya ture kan ya faɗi ƙasa, su watse. Ki ƙirga. In yaron bai rabu da kan ba kafin ki kai uku, akwai abin da ke riƙe shi, ki nemo shi ki yanke.

Ɗigon baƙin ido kuma ki bar shi sai ranar bikin. Sinawa suna da labarin wani mai zane, Zhang Sengyou, da ya zana dodanni huɗu a bangon wani wurin ibada ya ƙi sa musu ƙwayar ido, ya ce in ya sa tashi za su yi. Da aka matsa masa ya ɗiga wa biyu, sai aka yi tsawa suka fasa bango suka tashi sama. Har yau sabon dodon rawa sai an gayyato wani babba ya ɗiga masa ido kafin a fita da shi. Ki ba yaro ɗaya ya ba da labarin, sannan ki miƙa wa Hajiya buroshin a gaban iyaye, mai hoto yana tsaye.